WANE NE MAI GIDAN BAƘON INTANET? Yadda kasuwanninmu suka riƙe baƙin ƴan kasuwa, daga Kurmi zuwa WhatsApp



Duk wanda ke zaune a Koira Kano ya san yanzu kasuwa ta shigo cikin salula. Da la'asar sai ka ga masu kabu-kabu suna tsayawa ƙofa-ƙofa da ƙunshi a leda: turare, lafaya, takalmi, man shafawa, sharjar, kayan wasan yara. Wasu masu sayarwar maƙwabtanmu ne, suna talla a WhatsApp daga ɗakinsu. Wasu kuwa suna Lome, ko Kwatano, ko Kano, ko Dubai, ko Guangzhou ta ƙasar Sin, ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai kuma manyan dandali irin su AliExpress da Shein da Temu, waɗanda mutanenmu ke sayen kaya a kansu ta hannun wani mai kati na banki ko mai kargo.

Koke iri biyu ke tashi. Mai saye ya ce ya aika abans, an toshe lambarsa, ko kuma kayan da ya iso ba shi ne na hoto ba. Mai butik a Babbar Kasuwa ko Wadata ya ce shi yana biyan haya da patanti da duwan, wani can da ba ya biyan ko dala yana karya masa farashi. Daga nan sai ka ji ana cewa a hana baƙi sayar mana da kaya, shi ke nan. To, kafin mu kai ga wannan hukunci, ya kamata mu waiwaya. Tambayar yadda za a yi da baƙon ɗan kasuwa ta girmi intanet da ɗaruruwan shekaru, kuma kakanninmu sun ba ta amsa.

SUNAN DILLALI A CIKIN ƘUNSHI

Mu fara da Kano, don nan ne labarin ya fi fitowa fili. An kafa kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tun lokacin birnin ke karɓar baƙi, kuma har yau sunayen unguwanni na ba da shaida: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, da Dandalin Turawa. Turawan nan ba na Faransa ko Ingila ba ne, Larabawan Gadamus da Tarabulus ne, don su aka fara kira da wannan suna. Kowace al'umma da unguwarta, da shugabanta wanda fada ta sani.

A farkon 1824 wani Bature ɗan Sikotilan, Hugh Clapperton, ya sauka Kano, ya zaga kasuwa, ya rubuta abin da ya gani. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne wannan: in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a naɗe, ya tafi da ita har Barno, ya kwance ya tarar ba ta da kyau, yana iya maido ta. Dalili kuwa, a cikin kowane ƙunshi ana rubuta sunan dillalin da aka yi ciniki ta hannunsa. Dillali ne zai nemo mai kayan, shi kuma dokar gari ta tilasta masa ya maido kuɗi.

Ku dubi wannan da kyau, jama'a. Shekara 200 da suka wuce, babu salula, babu faktir, tafiyar makonni ce bisa raƙumi ko jaki, amma mai saye yana da garanti. Kuma garantin nan a wuyan mutum guda aka rataya shi, wanda ya ci la'ada a cinikin.

Kayan waje masu araha ma ba yau suka fara zuwa ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Agadas a 1850 ya isa Kano a Fabrairun 1851, ya lissafa abin da ya tarar a kasuwa: yadin Manchester, allurai na Nuremberg, ruwan takubba na Solingen, takarda, madubai, duwatsun ado. Duk sun ƙetaro Sahara. Masaƙa da marina na Kano ba su mutu don haka ba, su ma kayansu na kaiwa Tumbutu da Gat da Tarabulus.

AIKIN MAI GIDA

Me ya riƙe wannan tsari? Mai gida, wanda wasu ke kira fatoma. Bafatake in ya iso gari ba ya kwance kaya a bakin hanya ya hau ciniki. Gidan mai masaukinsa zai nufa. Shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta, ya gaya masa wane ne mai biyan bashi wane ne maci amana. In an sayar da kaya bashi, mai gida ne ke tsayawa. In baƙon ya zo da kayan algus ko na sata, ƙofar mai gida za a buga. Ai shi ya sa ba ya saukar da kowa haka nan. Sunansa shi ne jarinsa, in ya zube ba mai sake sauka gidansa.

Sama da mai gida akwai hukumar kasuwa: sarkin kasuwa, sarkin dillalai, sarkin pawa, da korama mai lura da awon hatsi. Bayan jihadin 1804 daular Sakkwato ta san muƙamin muhtasibi, mai duba mudu da sikeli da hana ha'inci. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: an sha zaluntar fatake da kuɗin fito da gaisuwa a hanya, kuma a waɗannan kasuwanni an sayar da bayi, ƴan Adam kamarmu. Amma ta fannin amana tsakanin baƙo da ɗan gari, tsarin ya yi aiki.

Haka abin yake a ƙasarmu. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, daga 1851 zuwa 1884, fatake na sauka Zango, a wajen ganuwar Birni. Can Buzaye masu ayari da Larabawa da Hausawa ke haɗuwa, can ne attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna. Ko nan Yamai, da aka maido babban birni daga Zinder a 1926, unguwar Zango na cikin tsofaffin unguwanni.

Mu ma kuma baƙi ne a garuruwan wasu. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja har Salaga, suka kafa zango a Kumasi da Ankara. A Ibadan an ware wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun arewa bashi, ba takarda ba sa hannu, don kawai mai gida ya san kowane mahauci kuma ya tsaya wa baƙonsa. Da yawa cikin shanun nan daga Nijar suka fito.

Ke nan tambayar da kasuwa ke yi wa baƙo ita ce: wa ya sauke ka? In yana da amsa, bismilla.

ZAMANIN KANTI DA PATANTI

Zuwan Turawan mulki ya juya tsarin. Faransawa sun kama Zinder a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar Sahara ta fara mutuwa, kaya suka koma shigowa ta teku. Sabbin baƙi suka zo da kanti: CFAO, SCOA, da Compagnie du Niger Français, sai kuma Kwarori, wato ƴan Labanan da Siriya. Waɗannan ba su sauka gidan kowa ba. Gwamnatin mallaka ce mai gidansu, kuma ita ke rubuta doka. Maimakon mutum ya tsaya maka, sai takarda: patanti, lasisi, rajistar kasuwanci.

A cinikin gyaɗa na Maraɗi da Zinder, ɗan ƙasa ya koma yaron kanti. Kamfani ya ba shi kuɗi, ya shiga ƙauye ya auno gyaɗa, ya kawo. Wasu sun yi wayo a cikin wannan hali, daga nan alhazan Maraɗi da yawa suka samo jarinsu na farko. Amma babbar riba Marseille da Bordeaux da Liverpool take tafiya.

Da aka samu ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta nemi ƙwace ragamar daga hannun kamfanonin waje. A 1962 aka kafa SONARA don gyaɗa, da COPRO-NIGER don shigo da kayan masarufi. Niyya mai kyau ce. Sai dai iyakarmu da Nijeriya ta kai kilomita 1,500, kuma duk abin da aka ce hukuma kaɗai za ta shigo da shi, sai ya biyo ta daji da dare. Fasa-ƙwauri ya bunƙasa, kuma a shekarun 1980 aka janye wannan babakere.

ZAMANIN KORA

Wasu ƙasashe suka ɗauki hanya mafi zafi. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya fita. Dubban ɗaruruwan mutane suka kama hanya. Cikinsu akwai Zabarmawa da Hausawan Nijar da suka shekara da shekaru suna kasuwanci a Kumasi da Ankara, suka karyar da kaya suka dawo. Ku tambayi tsofaffi a gidajenku, da wuya a rasa wanda abin ya shafa. A Janairun 1983 Nijeriya ta Shehu Shagari ta yi irin haka, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, har da namu. Mu ma ba mu tsira daga wannan hali ba: a ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, Nijar ta sallami ƴan Dahome masu aiki a ƙasar.

Me kora ta haifar? A Gana, Busia bai kai shekara uku a mulki ba sojoji suka kifar da shi a Janairun 1972, tattalin arziki na cikin mawuyacin hali. Baƙi kuma suka dawo sannu a hankali. Har yau ƙasar na fama da batun: dokarta ta zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwanci ga ƴan ƙasa, ta ce baƙon da ke son saye da sayarwa ya zo da jarin dala miliyan ɗaya na Amurka, ya ɗauki ƴan Gana 20 aiki. Sakamakon shi ne rikicin rufe shagunan ƴan Nijeriya da ke tashi lokaci-lokaci.

Kano ma ta gwada hanyoyin biyu a zamaninmu. Da atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙu na rufewa, a watan Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama ƴan Sin 45 a kasuwar. Atamfar ba ta daina zuwa ba. Shekara bakwai bayan haka, a Afrilun 2019, Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa wani ɗan kasuwarsu, Mike Zhang, sarautar Wakilin Ƴan China. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma duk wanda ya san tarihin Dandalin Turawa ya gane abin da fada ta yi: ta nemi wanda za ta kira in magana ta taso.

BAƘON DA BA YA SAUKA

To yanzu ga baƙon intanet. Bambancinsa da duk na baya shi ne ba ya zuwa sam. Ba ka iya korarsa, don bai shigo ba. Ba ka iya rufe masa kanti, don ba shi da shi. Kayansa na zuwa ɗaiɗai, ƙunshi-ƙunshi, kowane ya yi ƙanƙanta da a ɓata lokacin duwan a kansa. Hausawa suka ce ba a cinikin biri a sama, amma yanzu kullum shi muke yi.

Dillali fa yana nan, shi ne dandalin. Yana haɗa mai saye da mai sayarwa, yana cin la'ada ko kuɗin talla. Abin da ya daɗe yana ƙi shi ne a rubuta sunansa a cikin ƙunshi. In kaya ya ɓaci sai ya ce shi fili kawai ya bayar.

Manyan ƙasashe sun gaji da wannan amsa. Hukumar Tarayyar Turai ta ce a 2024 kaɗai ƙananan ƙunshi biliyan 4.6 suka shigo mata, waɗanda kuɗin kowane bai wuce yuro 150 ba, kusan jikka 98 ke nan na sefa, kuma kashi 91 cikin ɗari daga Sin suke. Ga matakan da suka ɗauka. Tun 1 ga Yulin 2021 kowane ƙunshi sai ya biya TVA komai ƙanƙantarsa. Daga 17 ga Fabrairun 2024 dokar ayyukan intanet ta tilasta wa dandali ya karɓi suna da adireshi da lambar rajista da asusun bankin mai sayarwa kafin ya bar shi ya yi talla. Daga 13 ga Disamban 2024 kuma, ba a sayar da kaya a Turai sai akwai wani mazaunin Turai da zai amsa tambaya kan lafiyar kayan, kuma sunansa da adireshinsa su kasance jikin kayan ko ƙunshinsa. Ku sake karanta wannan na ƙarshe, ku tuna da abin da Clapperton ya gani a Kurmi.

Amurka ta fara aiki da irin wannan doka ranar 27 ga Yunin 2023: duk mai sayarwar da ya kai ciniki 200 da dala 5,000 a shekara, dole dandali ya tantance ko shi wane ne. A 2025 kuma ta soke rangwamen da ke barin ƙunshin da bai kai dala 800 ba ya shiga ba haraji, ta fara da kayan Sin a watan Mayu, ta haɗa da na kowa a ƙarshen Agusta. Indonesiya ta fi kowa zafi: ta sa aka rufe TikTok Shop a Oktoban 2023. Bayan wata biyu ya dawo, amma ta hanyar haɗewa da dandalin cikin gida mai suna Tokopedia. Wato sai da ya samu masauki.

MU FA A NIJAR?

Gaskiya ɗaya ce: Nijar ba Turai ba ce. Kasuwarmu ba ta kai girman da za mu kira Temu mu ja masa kunne ba, balle Facebook. Kuma yawancin cinikinmu ma ba a manyan dandali ake yinsa ba, a WhatsApp da Facebook da TikTok ne, tsakanin mutum da mutum. Rubutattun dokoki kuwa akwai su. Tun 2010 CEDEAO ta tanadi cewa mai sayarwa ta intanet ya bayyana sunansa da adireshinsa. Mun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma muna da namu: dokar kare masu saye ta 2015, da dokoki biyu na 2019, ɗaya kan mu'amala ta intanet, ɗaya kan laifuffukan intanet. Matsalar ita ce doka ba ta kama wanda ba a san inda yake ba.

Amma ku lura da abu guda. Ko da baƙon bai taka ƙasar nan ba, cinikinsa na takawa, har sau huɗu. Kuɗi na fita ta kamfanin aika kuɗi ko ta salula, inda ake nuna katin shaida. Kaya na shigowa ta hannun mai kargo da tiranziter, ta filin jirgin Diori Hamani ko ta kamyo daga Lome. Akwai mai tallata kayan a nan gida, mai shafi ko tauraruwar TikTok. Sannan akwai yaron da ke kai ƙunshin ƙofar gida. Duk waɗannan suna cin la'adarsu, kuma duk ana iya samunsu a Yamai. A cikinsu ne mai gidan zamani yake.

Abin da tarihi ke nuna mana shi ne a ɗora nauyi inda la'ada take. Duk baƙon da ke son sayar wa ƴan Nijar kaya a kai a kai, ya kasance yana da wakili a ƙasa mai NIF da RCCM, kuma a rubuta sunan wakilin da lambarsa jikin ƙunshi. Mai kargo ya riƙe rajistar wanda ya aiko da wanda ya karɓa. Wanda ya ci kuɗin talla ya yabi man shafawa ko maganin da ya ƙone fatar mutane, a tambaye shi. Kuma kamfanonin aika kuɗi za su iya buɗe wani tsari da za su riƙe kuɗin mai saye har kaya ya iso hannunsa, kamar yadda mai gida ke riƙe amana da. Ƙasa ɗaya muryarta ƙarama ce, amma tunda AES ta iya sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga waje a 2025, za ta iya haɗa Nijar da Mali da Burkina kan ƙa'ida ɗaya ta cinikin intanet.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, kada dokar da aka yi don baƙo ta faɗa kan matar aure ko ɗalibar da ke sayar da turaren wuta a WhatsApp don ta biya kuɗin lakwal. In rajista ta yi tsada ko wuya, kowa zai ɓuya, mu koma zamanin fasa-ƙwauri. Na biyu, mu tuna mu ma baƙin intanet ne a wani wuri. Maƙerin azurfa na Agadas, da baduku, da mai kilishi, duk suna neman masu saye a ƙetare, kuma dokar Turai ta neman wakili ta riga ta hau kan masu sayar da kayan hannu irin nasu. Wanda ya nemi a kori baƙo a nan, ya shirya jin an kori ɗansa a can.

Kafin hukuma ta motsa, mu masu saye muna da abin yi. In ka ga talla, ka tambaya: wa ya san ka a Yamai? Ina zan same shi? In kaya bai yi ba, wa zan mayar wa? Wanda ya ba ka suna da wuri, yi ciniki da shi ko daga ina yake, kuma in da hali ka biya bayan kaya ya iso. Wanda ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka, araha ba ta ado.

Ƴan kasuwarmu na Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, da ku masu sayarwa a salula, muna son jin ta bakinku: in aka ce kowane baƙo sai da wakili, wa zai yarda ya tsaya, kuma nawa ya kamata la'adarsa ta zama? Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna.